Wa Ake Rubuta wa? Wasiƙun Hans Scholl ga Mahaifiyarsa daga Rasha, 1942, da Gardamar Shirun da ke Cikinsu

Tun da Detlef Bald ya fitar da littafinsa a 2003 kan ƙungiyar Farin Wardi, wato Weiße Rose, masana ke ja-in-ja kan watanni ukun da ɗaliban likitancin nan na Jami'ar Munich suka yi a bakin daga a Rasha, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamban 1942. Matsayin Bald shi ne abin da suka gani da idonsu a can ne ya fitar da su daga adawar zuci da ta alƙalami, ya jefa su cikin gwagwarmaya gadan-gadan. Matsalar da ta tare masa hanya ita ce rubuce-rubucen samarin da kansu. Wanda ya karanta wasiƙun da Hans Scholl ya aiko gida a waɗannan makonni zai tarar da faɗin ƙasa da dazuzzuka, da waƙoƙin manoma, da Dostoyevski, da yabon mutanen Rasha, amma ta'asar da sojan Jamus ke yi a yankin ba ta cika fitowa ba. Bald ya cike wannan giɓi da takardun runduna ta 252, wadda aka tura ɗaliban cikinta a Gzhatsk, garin da yanzu ake kira Gagarin. Ya nuna aikin tilas da farautar 'yan sari-ka-noƙe da wahalar fararen hula, sannan ya ɗauka cewa duk abin da ya faru a yankin ya wuce ta gaban idon samarin, tsoron masu tace wasiƙun soja ne kawai ya hana su faɗa. Johannes Tuchel ya mayar masa da martani a shekarar, yana cewa ba a gina tarihi a kan abin da ake zaton mutum ya gani.

Ina ganin Tuchel ya yi daidai a wannan gaɓa. Sai dai ina ganin akwai wani zato da ya ratsa gardamar baki ɗaya, wanda ba a tsaya an bincika shi ba: ɗaukar wasiƙar ɗa ga uwarsa a matsayin rahoton bakin daga. A kan wannan zato, in wasiƙa ta yi shiru, ko dai an toshe wa marubucin baki, ko kuwa bai ga komai ba. Abin da nake son nunawa shi ne shirun Hans yana sauyawa gwargwadon wanda yake rubuta wa, kuma wasiƙunsa ga mahaifiyarsa, Magdalena Scholl, sun fi ba mu labarin halin da take ciki da abin da ɗanta yake ƙoƙarin yi mata, fiye da labarin Gzhatsk.

Tarihin ƙungiyar sananne ne, ba sai na maimaita ba (Scholl 1952, Jens 1984, Zankel 2008). Abin da ake bukata a nan kaɗan ne. An haifi Hans a 1918, ya fara karatun likita a Munich a 1939, kuma kamar sauran ɗaliban likita maza, soja ne da aka ba damar karatu, ana tura shi aikin jinya a lokacin hutu. Ya yi Faransa a 1940. Shi da Alexander Schmorell suka rubuta ƙasidu huɗun farko tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Yulin 1942, kowace kusan kwafi 100. Ranar 23 ga Yuli jirgin ƙasansu ya tashi zuwa gabas. An kama shi da ƙanwarsa Sophie ranar 18 ga Fabrairun 1943, aka fille musu kai tare da Christoph Probst bayan kwana huɗu.

Jerin kwanakin nan kaɗai ya isa ya raunana ra'ayin Bald, kuma masu sukarsa sun daɗe da faɗin haka. Ƙasida ta biyu, wadda aka rubuta kafin ɗayansu biyun ya taka ƙasar Rasha cikin kaki, ta ambaci kisan Yahudawa 300,000 a Polan. Ta uku ta yi kira a fili da a yi zagon ƙasa a masana'antun makamai. Wanda ya rubuta wannan a Jamus ta 1942 ya riga ya sa wuyansa a ƙarƙashin wuƙa. Bald ya san da wannan, shi ya sa ya tsaya a kan bambancin da ke tsakanin ƙasidun bazara da ta biyar, ta Janairun 1943, wadda aka buga dubbai, aka kai ta Stuttgart da Frankfurt da Salzburg da Vienna, ta bar kawo maganganun malaman falsafa ta koma yi wa kowane Bajamushe magana da harshe mai sauƙi. Bambancin gaskiya ne, ba na musunsa. Amma tsakanin Yuli da Janairu abubuwa da yawa sun faru ban da Gzhatsk: an ɗaure uban Hans, Farfesa Kurt Huber ya shigo cikin lamarin, an fara tuntuɓar Falk Harnack, runduna ta shida ta shiga ƙawanya a Stalingrad. Kafin a ɗora nauyin duka a kan abu ɗaya daga cikinsu, dole a kawo shaida daga bakin samarin. Nan ne hujjar tace wasiƙu take shigowa, domin ita ce ke ba Bald izinin ci gaba ba tare da wannan shaida ba. Don haka ita ce ta cancanci a tsaya a kanta da kyau.

Tacewar ba ƙage ba ce. Akwai ofisoshin da ke buɗe wasiƙun soja, kuma dokar hukunta masu karya gwiwar mayaƙa, wadda ta fara aiki a 1939, tana iya kai mutum ga kisa kan 'yan layuka. Amma an ƙiyasta saƙonnin da suka bi ta gidan wayar sojan Jamus a yaƙin sun kai biliyan 30 zuwa 40, kuma masu tacewa ɗauki-ɗai-ɗai suke yi, ba su da hannayen buɗe ko kashi ɗaya cikin ɗari. Binciken Latzel (1998) da na Humburg (1998) sun nuna cewa sojoji da dama sun rubuta abubuwan da doka ta hana, kuma abin da ya fi tsare alƙalaminsu shi ne tunanin wanda zai karanta a gida. Ana iya cewa gidan Scholl daban yake, tun da 'yan Gestapo sun taɓa bincike shi a 1937, kuma an fara yi wa uban tambayoyi tun farkon 1942. Wannan gaskiya ne, kuma na yarda cewa Hans yana da dalilin taka-tsantsan fiye da yawancin abokan aikinsa. Tambayar ita ce ko ya yi taka-tsantsan ɗin ta yadda hujjar Bald take bukata.

Bai yi ba, a ganina. Daga Faransa a 1940 ya rubuta wa iyayensa kan yadda sojan Jamus ke ƙwace gidajen mutane suna wawashe kayansu, har yana tuhumar kansa ko shi ma ɓarawo ne da yake kwana a gadon wani. Daga Warsaw a ƙarshen Yulin 1942 ya ba su labarin yara da yunwa ta kwantar a kan titi suna roƙon burodi, ga kiɗa yana tashi daga ɗaya gefen, ya ce zaman birnin zai iya sa shi ciwo, ya kuma nuna yana da yaƙinin mutanen Polan ba za su karye ba. Daga Gzhatsk ya yi ta yabon Rashawa a daidai lokacin da farfagandar gwamnati ke kiran su ƙasƙantattun halittu. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya jawo masa tambaya in ya faɗa hannun mai tacewa mai zafin kishi. Mutumin da tsoro ya ɗaure wa harshe ba ya zaɓar waɗannan batutuwa.

Shaidar da ta fi ƙarfi kuwa tana cikin takardar da Bald kansa ya fi dogara da ita. A tsakiyar Agusta Hans ya rubuta wa Huber wasiƙa da abokansa suka sa hannu, a ciki ya ambaci geto na Warsaw da sunansa, wato unguwar da aka killace Yahudawa, ya ce ganinsa ya yi musu tasiri mai zurfi. Sun ratsa birnin ne 'yan kwanaki bayan 22 ga Yuli, ranar da aka fara kwashe mutanen geton zuwa Treblinka, aikin da ya cinye rayuka fiye da 250,000 kafin ƙarshen Satumba. Bald yana da haƙƙin riƙe wannan jumla, kuma duk mai cewa Rasha hutu ce kawai ta masu son adabi sai ya fara amsa ta. Amma a lura da abin da take yi wa hujjar tacewa. Wasiƙar Huber da ta iyaye duka ta gidan wayar soja suka bi, masu tacewa iri ɗaya ke jiran su. Sunan geto a takardar malami ya fito. A ta gida, yara masu yunwa da rusassun gine-gine da juriyar 'yan Polan ne suka sha gaba. In haɗarin ɗaya ne, zancen kuma ya bambanta, to abin da ya bambanta shi yana wajen mai karɓa.

To wace ce mai karɓar? A nan ma akwai amsa mai sauƙi da ya kamata a guje mata, wato cewa ɗa yana ɓoye wa uwa jini da gawa don zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Magdalena Müller, wadda ake kira Lina, an haife ta a 1881, ta girme wa mijinta da shekara goma. Ma'aikaciyar jinya ce da ta samu horo a gidan mata masu hidimar coci na Schwäbisch Hall. A asibitin soja na Ludwigsburg, lokacin yaƙin duniya na farko, ta haɗu da Robert Scholl, wanda ya zaɓi aikin jinya don ba ya son ɗaukar bindiga. Ta wanke raunin harsashi kafin a haifi Hans. Ɗalibin likitan da ke rubuta mata ya san yana magana ne da wadda ta riga shi shiga ɗakin majinyata, ta san warinsa da kukan darensa. Ba kuma uwa ce da aka saba ɓoye wa abin kunya ba. Lokacin da aka kama shi a ƙarshen 1937, kan harkar ƙungiyar matasa da aka haramta da kuma tuhuma ƙarƙashin sashe na 175 game da alaƙarsa da wani yaro ɗan ƙungiyar, ta san komai, ta tsaya masa har shari'ar ta ƙare a Stuttgart a 1938 ƙarƙashin wata afuwa ta gama-gari. Zoske (2018) ya ɗora muhimmanci mai yawa a kan wannan lokaci wajen juya wa gwamnati baya da Hans ya yi. Ko mutum bai bi shi har ƙarshe ba, dole ya yarda cewa tsakanin uwar nan da ɗanta an taɓa faɗin abin da ya fi labarin bakin daga wuyar faɗi.

Saboda haka sai a nemi dalilin a cikin watan Agustan 1942 kansa. A farkon watan kotu ta yanke wa Robert Scholl ɗaurin wata huɗu, bayan wata ma'aikaciyar ofishinsa ta kai ƙararsa cewa ya kira Hitila bulalar Ubangiji a kan mutane. Kafin watan ya ƙare ya shiga kurkuku. 'Ya'yanta maza biyu, Hans da Werner, duka suna Rasha, a yanki ɗaya ma, har sukan haɗu. Sophie tana aikin dole a wata masana'antar makamai. A watan ne kuma labari ya zo cewa an kashe Ernst Reden, aminin babbar 'yarta Inge, a bakin daga. Mace ce mai shekara 61, mijinta a tsare, sana'ar da gidan ke ci da ita tana tangal-tangal, garin Ulm kuma ya san abin da ya faru.

Abin da ta yi shi ne ta ɗauki alƙalami. Ta shigar da takardar neman sassauci ga mijinta, ta kuma rubuta wa 'ya'yan biyu ta ce su ma su rubuta tasu, bisa lissafin cewa roƙon da ya fito daga bakin daga zai fi nauyi a idon hukuma. Lissafin mai hankali ne, na wadda ta san yadda gwamnatin take tunani. Muna da martanin Hans iri biyu daga waɗannan kwanaki, kuma a kan bambancinsu ne maƙalar nan ta tsaya. A kundin da yake rubuta wa kansa, ya ƙi, da kalmomi masu kaifi: ba zai roƙi afuwa ba ko ta wane hali, yana kuma rarrabe girman kai na banza da mutunci na gaskiya. A wasiƙar da ya aika wa uwar kuwa, ya fara da amincewa cewa labarin ya tayar masa da hankali ko da yake bai zo masa da mamaki ba, ya kwatanta mata ƙuncin da uban zai shiga shi kaɗai a ƙaramin ɗaki, bai rage komai ba, sannan ya juya ya ce mutumin mai ƙarfi ne, zai fito da ƙarfin da ya fi na da, domin wahala ta gaskiya tana wanke mutum ta sabunta shi. Wannan harshen na Magdalena ne. Ita ce mai ibada a gidan, wadda ta yi rayuwarta a kan cewa wahala tana da ma'ana a wurin Allah. Hans, wanda a shekarar da ta gabata ya kusanci Kiristanci sosai ta hanyar Carl Muth da Theodor Haecker, bai yi mata ƙarya ba, don shi ma ya yarda da abin da ya rubuta. Amma daga cikin abubuwan da ya yarda da su ya zaɓi wanda zai iya riƙe ta a tsaye.

Haka tsarin yake ga batun mutuwa. A kundin nan ne ya rubuta yadda shi da Schmorell suka tarar da gawar wani Barashe da aka bari a fili har ta lalace, kai ya rabu da jiki, suka haƙa rami suka binne, suka haɗa gicciye irin na cocin Rasha suka kafa a kai. A can ne kuma ya lura da yadda mutane ke mutuwa kullum a wurin jinyar ba wanda yake ɗaga kai. Ya gani ke nan, kuma ya rubuta, ba tare da jiran takardun runduna su faɗa a madadinsa ba. Kundin ma ba shi da cikakken tsaro, ana iya bincika jakar soja a kowane lokaci. Amma matar da ke da ɗa biyu a wannan ƙasa, wadda ta san daga aikinta yadda gawar da ba a binne ba take komawa, ba ita ce za a aika wa wannan hoton a makon da mijinta ya shiga gidan yari ba. Roper (2009) ya nuna irin wannan a wasiƙun sojan Birtaniya ga iyayensu mata a yaƙin farko: ɗa yana neman kulawar uwa, yana kuma kula da ita, ta takarda ɗaya. Ƙasa da zamani sun bambanta, ba zan ja kwatancin da nisa ba. Abin da ya ƙaru a nan shi ne ɗan yana koyon aikin likita, aikin da rabinsa sanin abin da za a gaya wa majinyaci ne da lokacin da za a gaya masa, kuma wadda yake gwada wannan a kanta ta fi shi sanin aikin. Da wuya a ce ba ta gane abin da yake yi ba.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san cewa ɗan da ke nesa, in ya ce wa mahaifiyarsa yana nan lafiya lau sai kewar gida, ba rahoton asibiti yake bayarwa ba, kuma ita ma ba ta ɗauke shi haka ba. Daga tsawon gaisuwar da abin da aka tsallake take gane sauran. Masu nazarin wasiƙun sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama, waɗanda da yawansu wani ne ya rubuta musu, wani kuma ya karanta a zaure, za su yi kuskure irin na Bald in suka auna wahalar dajin da abin da ya iso gida a takarda.

Akwai suka mai ƙarfi da za a iya yi wa wannan karatu nawa, kuma gara in kawo ta da kaina. Za a ce hujja ce da ba ta faɗuwa: in Hans ya faɗi abu, kulawa ce, in ya yi shiru, kulawa ce. Za a kuma ce na maye gurbin zaton Bald game da abin da Hans ya gani da nawa zaton game da abin da Hans ya nufa. Amsata ita ce akwai hanyar gwaji, kuma ita na bi: a ɗauki mako ɗaya, a jera abin da ya rubuta wa mutane daban-daban da abin da ya rubuta wa kansa, a ga ko bambancin yana bin haɗarin tacewa ko yana bin mai karɓa. Da a ce duk abin da ya bi ta gidan waya shiru ne, kundin kaɗai ke magana, da Bald ya yi nasara. Wasiƙar Huber ta hana hakan. Da a ce kundin ma babu komai sai dazuzzuka da waƙa, da masu cewa bai ga komai ba sun yi nasara. Kabarin Barashen ya hana hakan.

Duk da haka dole in taƙaita abin da nake iƙirari, domin kayan aikin ba su kai faɗin taken da aka saba ba su ba. Abin da ake kira wasiƙun Hans ga mahaifiyarsa, mafi yawansu ga iyaye biyu aka rubuta su, kuma a gidan Scholl takarda takan zagaya hannun 'yan'uwa. Wasiƙar Warsaw da ta Faransa duka irin waɗannan ne, don haka ba za su nuna abin da yake gaya wa uwa shi da ita ba. Iyakar abin da suke nunawa shi ne bai ji tsoron mai tacewa yadda ake zato ba. Lokacin da za a iya cewa ita ce ainihin mai karɓa shi ne makonnin da uban yake tsare, daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. Na biyu, bugun Inge Jens na 1984, wanda kusan kowa ke aiki da shi, zaɓe ne daga takardun da iyalin suka bayar, kuma muryar 'ya'yan ce a ciki. Ta uwar sai dai a jiyo ta daga amsar da aka ba ta. Saboda haka abin da zan iya tsayawa a kai bai wuce wannan ba: a cikin waɗannan makonni, shirun wasiƙun Hans ga Magdalena game da ta'asa da gawa ba zai zama shaidar tsoro ba, ba kuma zai zama shaidar rashin gani ba, don haka babu ɓangaren gardamar da ke da ikon jingina da shi. Ko Rasha ta sauya shi, tambaya ce da za a ci gaba da yi, amma da wasu takardun.

Wani shirun daban yake, kuma bai kamata a cakuɗa shi da wannan ba. Babu inda Hans ya gaya wa uwarsa labarin ƙasidun. Wannan ba ya bukatar nazarin zuciya, doka ce ta bayyana shi. A Jamus ta lokacin, sanin shirin cin amanar ƙasa ba tare da kai rahoto ba laifi ne mai zaman kansa. A shari'a ta biyu da aka yi wa 'yan ƙungiyar, ranar 19 ga Afrilun 1943, an ɗaure Traute Lafrenz da Gisela Schertling da Katharina Schüddekopf shekara ɗaya kowace a kan cewa sun sani ba su faɗa ba. Gaya wa Magdalena daidai yake da sa ta cikin laifin, a gidan da aka riga aka ɗaure mai shi. Rashin sanin bai tsare ta gaba ɗaya ba, tun da an kama iyalin 'yan kwanaki bayan jana'izar Hans da Sophie, bisa al'adar 'yan Nazi ta kama dangi da laifin ɗansu. Amma bai ba masu bincike abin da za su kai ta gaban alƙali Roland Freisler da shi ba. Ta rayu har 1958. Werner ya ɓace a Rasha a 1944.

Abin da ya fi damuna a yadda ake karanta waɗannan takardu shi ne matsayin da ake ba ta. A littafin Bald, da ma a martanin da aka yi masa, Magdalena adireshi ce kawai, wurin da wasiƙa ke sauka kafin masanin tarihi ya ɗauka. Alhali duk inda ta bayyana, tana aiki ne. Takardun babbar 'yarta, Inge Aicher-Scholl, wadda ta rasu a 1998, suna Cibiyar Nazarin Tarihin Zamani a Munich, kuma Beuys (2010) ta nuna, a tarihin Sophie da ta rubuta, irin abin da ake samu in aka ɗauki wasiƙun uwar da muhimmanci. Ranar 22 ga Fabrairun 1943 ita da mijinta suka kutsa zauren kotun da ake yi wa Hans da Sophie shari'a, aka fitar da su, suka samu ganin 'ya'yan na ɗan lokaci a kurkukun Stadelheim, suka koma Ulm suna tsammanin akwai sauran kwanaki kafin a zartar da hukuncin. Washegari ta rubuta wa Fritz Hartnagel, saurayin Sophie, hafsan da aka fitar da shi daga Stalingrad yana jinya a asibitin soja, tana neman ya roƙa musu sassauci. An riga an kashe su tun yammacin ranar shari'ar. Lissafin nan ne dai na watan Agusta, cewa muryar wanda ya sha wuya a bakin daga tana da nauyin da tata ba ta da shi. Mace mai irin wannan tunani ba ta karanta wasiƙar ɗanta da ido rufe, kuma abin da ta rubuta masa ne yake tsara abin da ya amsa. Bugun da zai jera wasiƙunta da na Hans da na Werner bisa kwanan wata, na watannin Agusta zuwa Oktoban 1942, tare da shafukan kundin a gefe, zai ba da damar gwada abin da na faɗa a nan layi bayan layi, kuma a ganina shi ya kamata a fara yi kafin a sake rubuta wani littafi kan abin da Gzhatsk ta yi wa Farin Wardi.